Saƙon Baba da Ban Buɗe Ba

Litinin 16 ga Yuni, bayan la'asar

Yau na gama share sabuwar wayata, ji nake kamar na yi wa ɗaki gyaran salla. Usaid ne ya saya mini ita ranar Asabar, muka yi musanya da tsohuwar a Farm Centre. Mai shagon ya tambaye ni ko a kwaso mini tsofaffin hirarraki da hotuna, na ce a'a, a goge kaf, sabuwar rayuwa zan fara. Maigidan nawa ya yi dariya, ya ce sabuwar rayuwata ba ta taɓa wuce sati ba.

Salamatu, abokiyar aikina a ɗakin mata, ita ta koya mini tsarin. Duk manhajar da ba kya buɗewa, ki cire ta. Duk abin da ke ƙara, ki rufe masa baki. Na fita daga guruf ɗin 'yan ajinmu na firamare, mutanen da ko karo muka yi a Zoo Road ba zan gane su ba. Na fita daga na ankon bikin Jamila, wadda har ta yaye ɗanta. Na fita daga na mai turaren wuta da na mai atamfa. Fuskar wayar yanzu shafi ɗaya ce tal: kira, agogo, Alƙur'ani, WhatsApp.

Sai Baba. Kullum bayan asuba sai ya aiko mini saƙon murya: sallama, sunana, addu'a, sannan labarin ɓeran da ya addabi kicin ɗin Inna. Wannan ban ƙi ba. Amma da hantsi ya yi sai ya fara turo duk abin da aka turo masa, wa'azi, hatsarin mota, tafarnuwa da zuma maganin hawan jini, wai ni ma'aikaciyar jinya yake koya wa. Wani lokaci ma aljihunsa ne ke mini magana, in yi ta sauraron tari da rediyo. Na goge abin da ya taru tun Asabar, na kai hirar tamu wurin ajiya, inda saƙo ke shiga ba ƙara ba alama. Zan riƙa leƙawa da yamma in na taso daga aiki. Ai Tarauni ce, ba Makka ba, adaidaita ɗaya ce daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Wayar shiru tun ɗazu. Har barcin rana na yi.

Talata 17 ga Yuni, da magariba

Baba na asibitinmu. An ba shi gado.

Laraba 18 ga Yuni, kafin in fita

Yaya Murtala ne ya kira ni jiya ana sallar azahar. Baba ya faɗi a bakin famfo yana alwala. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Magana babu. Idonsa dai biyu, yana bin kowa da kallo.

Ni na tarbe su a ƙofar gaggawa da farin kayana, ina ta ba da umarni, a turo gado, a kira likita, kowa na sa mini albarka. Bayan hoton ƙwaƙwalwa likitan ya ja ni gefe, ya yi mini tambayar da ni ma nake yi wa dangin wasu: yaushe abin ya fara? Na ce da azahar. Ya girgiza kai, ya ce hoton ya fi kama da abin da ya faro tun da sassafe, kuma da a lokacin aka kawo shi, da akwai abin yi. Na ce ba wanda ya ga alama. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Wayar Baba ta zame daga aljihunsa ta faɗa bokiti. Inna ta binne ta cikin ɗanyar shinkafa.

Alhamis 19 ga Yuni, lokacin hutun rana

Na leƙa wurin ajiyar.

Saƙo ɗaya ne, na murya. Talata, bayan asuba. Gajere ne, shi kuwa Baba ko sallamarsa ta fi haka tsawo.

Na kife wayar. Na je na canja wa wata tsohuwa ƙarin ruwa, na yi mata faɗa sosai don ta ɓoye ƙwayar maganinta a ƙarƙashin filo.

Juma'a 20 ga Yuni, da safe

Ban buɗe ba.

Asabar 21 ga Yuni, bayan azahar

Wata rana a bara Baba ya kira ni muna tsakiyar zagayen marasa lafiya, babban likita na magana, wayata na kuka a aljihu. Tambayar ita ce ko zoɓo na rage hawan jini. Da yamma na je gida na zaunar da shi. Na ce, “Baba, don Allah ka daina kirana ina bakin aiki. Ka bar mini saƙo, da ya shigo zan ji.” Ya ce, “To, Sista, an ji.” Haka yake kirana in yana son tsokana. Tun daga ranar bai sake kirana da safe ba, ko sau ɗaya.

Ban san me ya tuno mini da wannan ba. Ƙarya nake, na sani.

Lahadi 22 ga Yuni, da yamma

Masu dubiya kamar ana rabon abinci. 'Yan masallacinsu, tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar ruwa, maƙwabta daga Babban Giji, kowa da ledar lemo da ayaba, alhali mutumin ko ruwa sai da cokali. Kowa kuma sai ya juyo ya ce an yi sa'a da 'yarsa a asibitin take. In na sake jin kalmar sa'a zan iya yi wa wani rashin kunya.

Yaya Murtala ya ce shinkafa ba ta yi komai ba, gobe zai kai wayar Baba wurin mai gyara. Lambobin mutane na ciki, in ji shi. Na ce hakan ya yi kyau. 

In aka gyara ta, zai buɗe WhatsApp, sunana ne a sama. In ban saurara ba, zai ga saƙon a yadda yake, ba a taɓa shi ba, uba ya yi magana 'yarsa ba ta ko duba ba. In na saurara yanzu, alamar za ta yi shuɗi, zai ɗauka tun ranar na ji na ƙi zuwa. In na goge a wayata, yana nan a ta Baba. Na juya abin ta kowace fuska, kamar mai neman wurin da bai ƙone ba a jikin waina.

Talata 24 ga Yuni, kafin magariba

Yau na shiga juya shi, don kada gadon ya ci masa baya. Mu biyu ne kaɗai, Inna ta fita salla. Ina gyara masa filo sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna aljihuna, inda wayar take. Ya yi wani sauti daga maƙogwaro. Ya sake nunawa.

Na ce, “Ruwa kake so, Baba?”

Ya rufe ido. Na kawo ruwan, na ba shi da cokali, ya sha don kada ya ba ni kunya.

Mutum biyu ne a duniya suka sani. Ɗayan ba ya iya magana, kuma yau na ji sauƙin hakan a zuciyata. Astagfirullah.

Laraba 25 ga Yuni, da safe

Na ƙara cire manhaja biyu. Ban san don me ba.

Alhamis 26 ga Yuni, bayan la'asar

Inna ta same ni a baranda ina cin gyaɗa maimakon abinci. Ta zauna kusa da ni, ta gyara mayafi. Inna ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, 'yar ƙaramarta mai tocila ta ishe ta.

Ta ce, “Fauziyya, wannan abin da Babanku ke yi miki kullum da asuba, ina jiyo shi daga kicin. Kunna mini ɗaya mana. Gidan ya yi mini shiru. Ko na ɓeran nan ne.”

Na ce sabis ba kyau a nan. Ta ce to. Ta karɓi gyaɗa kaɗan a hannuna, ta tashi.

Shekara nawa yana aiko mini. Da na ce wa mai shagon nan e, da yanzu Inna na da muryar da za ta ishe ta har damina ta wuce. Ni na ce a goge kaf, ina murmushi.

Asabar 28 ga Yuni, da hantsi

Mai gyara ya ce wa Yaya ruwa ya shiga ciki sosai, sai an samo wani abu daga Legas, kuma ba tabbas. Da na ji “ba tabbas” sai na ji yunwa a karon farko cikin kwanakin nan. Na ci tuwo malmala biyu. Usaid ya ce alhamdulillahi, jikin Baba ya fara kwantar mini da hankali.

Litinin 30 ga Yuni, lokacin hutun rana

Na yi wa Salamatu tsawa a gaban ɗalibai a kan auduga. Daga baya ta ja ni ɗakin canja kaya ta ce, “Ke, lafiyarki? Ni ce fa.” Na kusa cewa ke kika koya mini. Amma ita ce mini ta yi in rufe bakin mai atamfa, ba ta ce in rufe na ubana ba. Na ce mata gajiya ce.

Wayarta ta yi ƙara muna tsaye, mamanta ce. Ta ɗauka tana harara ta, tana cewa, “Umma, ina aiki fa.” Na fita na bar mata ɗakin.

Talata 1 ga Yuli, da yamma

Masu gashin ƙashi sun fara zuwa suna motsa masa hannu da ƙafa. Ƙafar ta ɗan amsa. Hannun kamar ba nasa ba. Mai koya masa magana ta ce a riƙa kunna masa abin da ya saba ji, in da akwai muryarsa shi kansa ma ya fi. Inna ta juyo ta kalle ni. Na sunkuya ina gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Laraba 2 ga Yuli, bayan asuba

Wannan lokacin ne yake aikowa. Na saba in ji ƙarar ina shafa mai, in ce Baba ya fara. Yanzu ina zaune a kan sallaya, wayar a gabana, fes, ba ko ɗigo a fuskarta. Abin da na nema ke nan.

Alhamis 3 ga Yuli, bayan la'asar

Yaya ya ce kayan sun iso, ranar Asabar za a gwada.

Inna ta sake tambaya. Wannan karon ba ta zauna ba. Ta ce, “Yau ma sabis ɗin ne?”

Juma'a 4 ga Yuli, da yamma

Na raka Inna gida ta yi wanka ta ɗauko kaya, Yaya na wurin Baba. Ruwa ya tare mu a hanya, mai adaidaita ya sauke labule, muka isa Tarauni zannuwa a jiƙe. Bokitin nan yana nan a bakin famfo. Butar Baba ma.

Ba na so in ce jarunta ce. Tsoron Asabar ne ya kai ni. Inna na ninke kaya a ɗaki na durƙusa a gabanta na faɗa mata duka, gogewar, wurin ajiyar, saƙon Talata. Ba ta gane wurin ajiya ba. Na ce kamar ɗaki ne da ake kai abin da ba a son ya dame ka, a ja ƙofa. Ta ce, “Babanku kika kai can?” Na ce e.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta ce, “Kunna.”

Zan rubuta shi yadda na ji, ko da yake ba a yadda na rubuta ya fito ba. Harshen ya yi nauyi, kalmomin na jan ƙafa. Ɗalibar da ta yi wata guda a asibiti ma za ta gane daga sallamar.

“Salamu alaikum. Sista. Hannuna ne ya yi nauyi, na dama. Carbi ya faɗi na kasa ɗauka. Kada ki gaya wa Innarki, kin san ta da tsoro. In kin samu sarari ki biyo ki auna ni. Ban kira ba, na san kina shirin aiki. Allah ya yi miki albarka.”

Shi ke nan. Ruwa na ta zuba a kan kwano.

Inna ta ce, “Sake.” Na sake. Ta ce, “Sake.”

Sannan ta ce, “Ina kicin ina dama masa koko. Da ya ɗaga murya kaɗan zan ji. Ni ya ɓoye wa, ya kai wa waya.” Ta ƙara da cewa, “Ya ce barci yake ji, na ja masa ƙofa na ce kada a tashe shi.”

Na ce, “Inna, ki yafe mini.”

Ta ce, “Ba ni ya aiko wa ba.”

Ta ci gaba da ninke kaya. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Sauran suna cikin tasa wayar, ko? Na ɓeran da su addu'ar?” Na ce e, duk abin da ya taɓa aikowa yana can. Ta ce, “To Allah ya sa a gyara.”

Sai a lokacin na ga abin da na kwana biyu ina fata. Wayar da nake roƙon kada ta gyaru, ita kaɗai ce ta rage da muryar Baba lafiyayye.

Asabar 5 ga Yuli, bayan azahar

Ba ta gyaru ba. Mai gyara ya ce cikin ya ƙone, ko lamba ɗaya ba za a iya cirowa ba. Yaya ya dawo da ita a leda.

Asabar, da magariba

Da na yi shiru jiya, da yau ba wanda zai taɓa sani. Wannan tunanin ya zo mini, ba zan ɓoye ba.

Inna ba ta ce wa Yaya komai ba, kallona kawai ta yi. Na bi shi wurin ajiye motoci na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo mini wayar da yatsu biyu kamar ba ya so ta taɓa shi, ya ce, “Ki je ki yi salla.” Ya tada babur ya tafi. Gara ya zage ni.

Litinin 7 ga Yuli, da safe

Na fito da hirar Baba daga wurin ajiya, na kafe ta a sama, na sa mata ƙara mafi ƙarfi. Wayar da za ta aiko kuwa tana cikin leda a kan firijin Inna.

Laraba 9 ga Yuli, bayan la'asar

An sallame shi. Za a riƙa kawo shi gashi. Yaya ya ɗauke shi cak ya sa a mota, bai kalle ni ba, amma ya bar mini wuri a baya kusa da Baba.

Inna ta karɓi wayata a mota ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Ta kara a kunne. Wannan ɗin take ji, mai nauyin harshen, don babu wani.

Alhamis 10 ga Yuli, da hantsi

Na gaya wa Usaid jiya, ya ce zai kai ni wurin Baba da asuba. Na ɗauki abin awon jinina. Gari bai gama wayewa ba muka isa, masu kosai na hura wuta a bakin layi.

Baba na kishingiɗe, Inna ta yi masa taimama ya yi salla. Ta gan ni da jakar, ta tashi ta shiga kicin, ta bar ƙofa a buɗe.

Na durƙusa. Na shirya magana mai tsawo a hanya, duk ta gudu. Na ce, “Baba, ranar nan ba ruwa kake nema ba, na sani. Na ji saƙonka. Ban ji da wuri ba, ni na rufe shi da hannuna.” Ya kalle ni. Ɓarin fuskarsa da ke motsi bai nuna mini komai ba, ko fushi ko akasinsa. Na ce, “Na biyo in auna ka.”

Na kai hannu zan kama na hagu, don a lafiyayyen hannu aka fi so a auna. Ya janye shi. Na ɗauka shi ke nan, kuma na cancanta.

Sai ya kai na hagun ya kamo na daman a wuyan hannu. Ya ja, ya zame masa. Ya sake kamawa, yana nishi. Ban taimaka ba, na ga ba ya so. A hankali ya jawo shi ya ɗora mini a cinya, da nauyinsa duka, hannun da ya ce in zo in duba.

A nan na ɗaura. Na kasa karanta lambar, sai da na goge idona da mayafi na sake aunawa.